Rasuwar Ƙafa-Huɗu, Motar Likitan Dabbobi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, da idanun da ba su gama bushewa ba, Likitan dabbobi na ƙarshen layi, tare da maiɗakinsa da 'ya'yansa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da makiyayan bayan tsauni, da duk wanda ya taɓa ɗaga hannu a bakin hanya aka rage masa tafiya, cewa motarsa, abokiyar fama da wahalarsa, wadda aka fi sani da Ƙafa-Huɗu, ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ne ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a tsakiyar wani rafi, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai tsawon shan shayi ba. Ba a hannun mai ita ta cika ba. Wannan shi ya fi komai yi masa ciwo, kuma za a zo kansa nan gaba.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, mota ce mai shan dizal, doguwa, mai faɗin ƙirji, wadda idan hanya ta ɓaci ake sa mata ƙaramar giya duk tayoyinta huɗu su kama ƙasa su ja tare. Daga nan ta samo sunanta. Ba sabuwa Likita ya same ta ba. Ta fara aiki ne a hannun wasu masu auna hanya, waɗanda suka ci ƙuruciyarta suka yar. Ya same ta a bayan wani gareji, kaji suna kwana a kanta. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce da mai garejin, "Wannan ba ta mutu ba, kulawa ta rasa." Daga ranar suka zauna tare shekara ashirin da ɗoriya, ba a taɓa jin kansu ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta da kyan fuska, fentinta fari ne a takarda kawai, a ido kuwa launin duk hanyar da ta bi ne. Amma ba ta taɓa sa mai gidanta ya roƙi matasan layi su tura shi ba. Murzawa ɗaya take tashi. Maƙwabta za su daɗe suna tuna muryarta ta safiya: ta fara da ɗan tari, uhu-uhu, sai ta kama, kwar-kwar-kwar-kwar, kamar tsohuwa na daka a turmin ƙarfe, har jikinta ya yi ɗumi muryar ta sauka ta koma gur-gur-gur mai sanyi. Akwai matan layin da da wannan sautin suke sanin lokacin tashin yara makaranta ya yi.

Gaskiya ta sa a faɗa, tsawon ranta ba daga sama ya faɗo ba. Likita ya yi mata hidimar da bai yi wa kansa ba. Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana dubawa kamar mai duba jinin maras lafiya. Sai ya leƙa ruwan lagireto, ya latsa fanbel, wato bel ɗin fankar inji, da babban yatsa, ya zagaya tayoyi yana ƙwanƙwasa su. Bai taɓa barin baƙin mai ya tsufa a cikinta ba, kuma bai taɓa yin juye ya bar tsohuwar filta ba, yana cewa wannan daidai yake da mutum ya yi wanka ya mayar da rigar da ya yi noma da ita. Duk sati yakan kwance 'yar ƙusar da ke ƙarƙashin filtar dizal ya tsiyaye ruwan da ya taru, domin a cewarsa ruwa a cikin dizal guba ne a hankali. Ba ya shan mai a gidan man da tanka ta gama saukewa yanzu, sai laka ta kwanta. Ba ya barin tanki ya sauka ƙasa da rubu'i. Idan aka dawo daga doguwar tafiya, ba ya kashe ta nan take, sai ta ɗan huce tana tsaye. Ko da rani, lokacin da babu taɓo ko na magani, yakan kai ta wani fegi mai yashi ya sa mata ƙaramar giya ta ɗan zaga, don kada ƙafafun gaba su manta aikinsu. Bayan kowane tsallaken ruwa kuwa, kwanciya yake a ƙarƙashinta da bindigar giris, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa.

Iyalansa sun ɗanɗana wannan ƙauna ta wata fuskar. Babu biki, babu asibiti, babu jirgin da za a tara, da ya isa ya sa a motsa kafin injin ya yi ɗumi. Maiɗakinsa ta sha zama a kujerar gaba cikin kwalliya, gumi na wanke mata hoda, shi kuwa yana tsaye a gaban bonet ya karkata kai yana saurare. Ta taɓa yin mako tana tari, ya ce ta sha ruwan ɗumi zai wuce. Ran da motar ta yi tari sau biyu a jere, fasa tafiya ya yi ya kira Maigareji. Ta tuna masa wannan sau da yawa, kuma har a zaman makokin nan ta sake tuna masa, a hankali, don ta ga halin da yake ciki.

Duk da haka ita ce farkon mai shaidar cewa marigayiyar ta rama alheri. A daminar da ciwo ya shiga shanun bayan tsauni, suna faɗuwa kamar an sare su, gada ta karye, manyan motoci suka juya. Ƙafa-Huɗu ce ta ɗauki akwatin ƙanƙara cike da allurai ta bi ta cikin taɓon da ya kai mata ciki, tana nishi, hmmm-hmmm, tana zamewa tana kamawa, har ta isa. Wani dattijon makiyayi da ya riga ya fid da rai da garkensa ya fito ya dafa bonet ɗinta da tafi biyu, ya sa mata albarka. Ta ɗauki maruƙa a kujerar baya. Ta ɗauki masu naƙuda, na mutane da na dabbobi. A cikinta babbar 'yar Likita ta koyi tuƙi, uban na gefe yana runtse ido duk lokacin da giya ta yi ƙara.

Idan marigayiyar tana da wani aibu, to a bakin mai ita yake. Likita ba ya iya zama a benci gaban gareji bai yabe ta ba. "Babu inda ba ta shiga," in ji shi. "Ruwa? Ai wanka ne a wurinta." Ya faɗi haka a gaban mutane da yawa. Cikin waɗanda suka ji har da Yayansa.

Yaya shi ne babban gidan, dillalin filaye ne, mutum mai babbar riga da babbar murya da wayoyi biyu. Shi ya riƙe Likita bayan rasuwar mahaifinsu, kuma bai taɓa barin wannan tarihi ya yi ƙura ba. Likita ya hana abokai aron motar, ya hana surukai, ya hana shugaban ƙungiyarsu ta likitocin dabbobi. Amma tun yana yaro bakinsa bai koyi yadda ake ce wa Yaya a'a ba.

Da safiyar Talatar, Likita na goge gilashi, sai ga Yaya da baƙi biyu masu fararen takalma.

"Ƙanena, ba ni makullin nan. Wani fili zan nuna wa bayin Allahn nan, nan kusa, yanzu zan dawo."

"Yaya, ai da na kai ku da kaina."

"Kai da ke da shanu suna jiranka? Ko tsoro kake in cinye ta? Ni da na koya maka ɗaura wando?"

Likita ya dubi maiɗakinsa da ke bakin ƙofa. Ta girgiza kai kaɗan. Ya dubi Yaya. Sai ya ga hannunsa ya miƙa makullin ba da shawararsa ba.

Ya bi shi har taga yana wasiyya. Kada a taka totur tana sanyi. Idan an ga ruwa a tsaya a sauka a auna zurfinsa da sanda. Idan ya wuce gwiwa a juya. Idan an shiga, a bi a hankali da ƙaramar giya. Idan kuma, Allah ya kiyaye, ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli, ko sau ɗaya. Yaya yana ta gyaɗa kai, amma da wanda ke cikin waya yake.

Abin da ya biyo baya daga bakin baƙin nan biyu aka ji shi, kuma maganarsu ta zo ɗaya. Filin yana hayin wani rafi ne, kuma an kwana ana ruwa. Da suka iso gaɓa suka ga ruwa ja yana gudu da rassan itace, sai ɗaya daga cikinsu ya ce anya mutum zai gina gida a inda sai da kwalekwale. Yaya ya yi dariya ya ce wannan ɗan ruwan ko akuya tsallake shi take, bari su gani. Ya ja da baya don ya samu gudu. Ya taka.

Sun ce marigayiyar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta shiga da ƙirji, ruwa ya taso ya rufe bonet har gilashi. Ta hanyar da take shaƙar iska ta shaƙi rafi. Ta ce gur-gur, ta ce gub, ta yi shiru.

A nan, in ji Maigareji daga baya, da sauran rai. Amma Yaya mutum ne da bai saba a yi masa shiru ba. Ya murza makulli. Ta ce ƙiii. Ya sake murzawa. Ta ce ƙiii-ƙi, kamar mai roƙo. Ya ce da baƙin motar ƙanensa ce, ta saba da shagwaɓa, ya riƙe makullin ya ƙi saki. Daga can cikin cikinta aka ji ƙwas. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Wayar da Yaya ya bugo gajeriya ce. "Ƙanena, motar nan taka ta ɗan yi gardama. Ka zo da bakanike, da igiya mai ƙwari."

Likita ya iso a bayan babur ɗin Maigareji. Ya tarar da baƙin a gaɓa, takalma a hannu, wanduna a jiƙe har ƙugu. Ya tarar da Yaya zaune a kan rufin motar, ya tattare babbar riga, yana ciniki a waya. Ya shiga ruwan da kayansa har ƙirji, ya je ya dafa ƙofarta ya tsaya. Sai da wata tarakta ta zo aka jawo ta, shi yana biye a ƙafa.

A gareji, Maigareji, wanda ya san cikinta tun ranar da ta zo gidan, ya buɗe gidan filtar iska, ruwa ya zubo da yashi da wani ɗan kifi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya kwance kan injin, ya haska, ya daɗe bai ɗago ba.

"Likita, ka yi haƙuri," ya ce. "Da an bar ta daga shirun farko, da mun cire nozul na inji mun sa ta amayar da ruwan, mu yi mata juye, da yamma ka tafi da abarka. Amma an matsa mata. Fistin ya taso ya tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Sandunan fistin sun lanƙwashe, ɗaya ta fasa bangon injin ta leƙo waje. Sa hannunka ka ji."

Likita ya sa yatsa a ramin. Gefensa tas, baƙin man da ya zuba mata da hannunsa kwana kaɗan da suka wuce ko launi bai sauya ba. Wannan ne ya karya shi. Mutumin da ya sha faɗa wa masu dabbobi maganar da ba sa son ji ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ya zauna a kan tsohuwar taya ya rufe fuska da tsumman goge hannu. Aka nemi wani injin irin nata aka rasa, sai waɗanda suka fi ta jin jiki. Ya ce a bar ta, ba za a sa mata zuciyar wata ba.

Iyalan marigayiya suna so jama'a su sani cewa ba sa zargin kowa. Ba sa zargin wanda ya karɓi makulli. Ba sa zargin wanda aka yi wa wasiyya yana waya. Ba sa zargin wanda ya ja da baya don ya samu gudu, ballantana wanda ya murza har sau uku. Babba babba ne, kuma duk mai yaɗa wata magana a layi ba da yawunsu yake yi ba.

Yaya ma ya zo ta'aziyya, washegari, ya zauna a kujerar da ta fi kowace laushi.

"Kwananta ne ya ƙare, ƙanena. Ko a hannunka take sai ta tafi. Kuma ba kai ka ce ruwa wanka ne a wurinta ba?"

Likita ya sunkuyar da kai. "Na faɗa, Yaya."

"To ka gani. Ni ma na yi asara, baƙin nan sun fasa sayen filin, amma ban riƙe ka a zuci ba. Af, tayoyin nan nata sababbi ne ko? Kada a bar wa 'yan tsohon ƙarfe. Zan turo a kwance, a maƙala mata nawa tsofaffin, tunda ba wata tafiya za ta yi ba."

Bakin Likita ya buɗe. Maiɗakinsa, da ke ajiye tiren ruwa, ta tsaya tana jira ta ji abin da zai fito. Abin da ya fito shi ne, "To, Yaya." Ta ajiye tiren a hankali ƙwarai, ta ce wa mijinta, "Baban yara, kai ka ji da baƙin cikinka. Shirin rakiya ka bar mini." Kafin yamma an kwance tayoyin.

Marigayiyar ta rasu ta bar jak ɗaya mai ɗingishi, da bindigar giris, da akwatin ƙanƙara, da galan na baƙin mai wanda ba a buɗe ba, da filtoci sababbi a cikin kwalinsu waɗanda yanzu ba su da uwa. Ta bar wani tsohon babur da ya daɗe a jingine a zaure, wanda nauyin gida ya faɗo a kansa ba shiri, kuma tuni ya fara kuka. Ta bar makiyayan bayan tsauni, waɗanda damina ta kama su ba su san ranar da za su sake ganin likita ba. Sun aiko da saƙon cewa za su riƙa turo jaki bakin gada, kuma Likita ya karɓa. Ta bar fili a ƙofar gida, tsaf, babu ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa, inda har yanzu mai ita yake fitowa da sassafe da tsumma a hannu, ya tsaya, ya rasa abin gogewa, ya koma ciki.

Ana karɓar gaisuwa a gida kullum da la'asar. Ana roƙon masu zuwa da motar dizal su kashe ta tun daga bakin layi, domin mai makokin yana zabura. Ana kuma roƙon a daina ce masa ai ƙarfe ne kawai. Ya sani.

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Asabar da safe, daga gareji zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke can saman tudu, bayan masaƙa. Ba za a kira janwe mai jan matattun motoci ba. Likita ya ce ba za a rataye ta ta wuya a zaga da ita gari ba, da ƙafafunta za ta je, ko da aron ƙafafu ne masu saɓule da faci, biyu daga ciki ba sa riƙe iska. Turawa za a yi.

Game da wanda zai tura, an riga an gama magana. Jiya, falo cike da masu gaisuwa, maiɗakin Likita ta durƙusa a gaban Yaya cikin ladabi ta ce, "Yaya, kai ne uba a gidan nan. Kai ka yi mata rakiyar farko, kai ka ji kalmarta ta ƙarshe. Wa zai tsaya a bayanta ran Asabar in ba kai ba? Mun ce kada wani yaro ya shiga gabanka." Dattawan da ke wurin suka ce wallahi ta yi hankali, haka ya dace. Yaya ya dubi wayarsa ta dama, ya dubi ta hagu, babu wadda ta yi ƙara. Ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Saboda haka ana sanar da mahalarta cewa bayan motar na Yaya ne shi kaɗai. Sauran jama'a za su bi gefe da gefe cikin natsuwa. Kada wanda ya sa hannu ya rage masa girma, sai fa idan shi ya nema da bakinsa, da muryar da kowa zai ji. Likita zai zauna a sitiyari.

A ƙarshe, iyalan suna roƙon cewa idan an kai tsakiyar hawan aka ga motar ta ƙara nauyi, ko ma ta tsaya cak, kada kowa ya leƙa ta taga don ya ga ko ƙafar Likita tana kan birki. Nauyin rabuwa ne.